Tabarmar Shan Ruwa a Sudan

A Sudan, magidanci ba ya shan ruwa a cikin gida da azumi. Da la'asar ta yi sakaliya sai samarin unguwa su fito su share gefen titi, su yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, su shimfiɗa tabarmi a jere. Wannan wurin shi suke kira dara. Kowane gida zai fito da babban faranti rufe da faifai mai launi, a ajiye a tsakiya, kuma da an buɗe ba mai sake tambayar na gidan wane ne. Attajiri da lebura kwano ɗaya suke sa hannu, su yi sallar magariba a kan tabarmar, sannan a kawo shayi da gahawa.

Karatu ya kai ni Khartum, a Jami'ar Afirka ta Duniya, wadda ta soma a matsayin cibiyar Musulunci ta Afirka a 1977, ta zama jami'a a 1992, kuma ɗaliban Najeriya da yawa sun bi ta cikinta. Ɗalibi baƙo yakan isa da fargabar inda zai sha ruwa idan azumi ya kama shi nesa da gida. A can wannan fargabar ba ta daɗewa, don mai wucewa ma ba a barin sa ya wuce. Za ka ji an ɗaga murya: "Ya zol, itfaddal!" Idan ka ce kana sauri, dattijo ya taso ya riƙe hannunka yana haɗa ka da Allah. Wasu har rantsuwa da saki suke yi don baƙo ya zauna, abin da malamansu ke tsawatarwa a kai, kuma da gaskiyarsu, amma ya nuna maka yadda suka ɗauki abin da nauyi. A wurinsu ciyar da baƙo haƙƙi ne da za a tambayi unguwa a kansa, kuma kunya ce a ce mutum ya sha ruwa a tafe alhali ya ratsa ta ƙofar gidanka.

Wanda bai bi hanyar Khartum zuwa Wad Madani gab da magariba ba, bai ga ƙarshen wannan ɗabi'a ba. Mutanen ƙauyukan jihar Jazira suna fitowa tsakiyar kwalta, wasu su warware rawaninsu su miƙa shi daga wannan gefe zuwa wancan, su tare manyan motocin fasinja. Direba ya yi hon ya gaji, dole ya taka birki. Sai a sauko da kowa, maza a kai su tabarma, mata a shiga da su cikin gida. Na ga tsoho mai furfura tsaye gaban motar da ke tahowa da gudu, yana ɗaga hannu, jallabiyarsa na kaɗawa, bai matsa ba sai da ta tsaya. Akwai haɗari a ciki, ba shakka. Har ƙauye da ƙauye sukan yi jayayya a kan wa ya fara tare motar, ana jan fasinja ta nan ana jan sa ta can.

Abin da ke cikin farantin ba zai ba Bahaushe mamaki sosai ba. Akwai asida, tuwon dawa mai ɗan tsami, da miyar busasshiyar kuɓewa da suke kira weka, an haɗa da busasshen nama da albasa. Akwai dabino da dafaffen wake, ga zoɓo, ga ruwan tsamiya, ga na ƙwallon kuka. Sarkin abin sha kuwa shi ne hilu-mur. Dawa ake jiƙawa har ta tsiro, a shanya, a niƙa, a dama da citta da kirfa da sauran kayan ƙamshi, a bar ƙullin ya yi tsami, sannan a shafa shi siriri a kan faffaɗan kasko ya gasu ya yi ja-ja-baƙi. Ranar sha sai a jiƙa shi a ruwa, a tace, a sa sukari da ƙanƙara. Tun watan Sha'aban ƙamshinsa ke cika unguwa, domin mata kan taru a gida ɗaya su yi yini suna gashi, gobe su koma gidan maƙwabciya.

Nan ne ya kamata a faɗi abin da masu yabon dara kan tsallake. Mazan da ke tare mota su ake gani, su ake gode wa, amma matan da suka yini gaban wuta da azumi a bakinsu, cikin zafin Khartum da kan haura digiri 40, su ne masu wannan karamci. Baƙon da ya ci ya tashi bai sa musu albarka ba, ya rage wani abu.

Bayan azumi ma halin bai canjawa. Karin kumallonsu sai hantsi ya dubi ludayi, kuma tare ake ci. Abincin ɗalibai shi ne bosh: a gutsuttsura burodi a roba, a kwarara romon wake, a zuba man riɗi, kowa ya matso. Ka zauna wurin mace mai shayi a gindin bishiya, ka sha gahawa mai citta, turaren wuta na tashi, ka miƙa kuɗi ta ce ai wancan da ya tashi ya biya maka.

Bahaushe kuma yana da 'yan'uwa a can. Masu tsiren da ake kira agashe a kasuwanni galibi Hausawa ne, jikokin mahajjatan da suka bi hanyar Makka a ƙasa suka yada zango. A bakin kogin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, akwai garin Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan an kashe mahaifinsa a yaƙin Burmi na 1903. Ka yi sallama da Hausa a can, a amsa maka da Hausa.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, cikin watan azumi ya faɗo. Ɗaliban Najeriya suka fice, wasu ta iyakar Masar, wasu ta Port Sudan. Mutanen Khartum da suka gudu ta hanyar Madani kuwa, ƙauyawan nan ne dai suka tare su da ruwan sanyi da zoɓo da wurin kwana. A watan Disambar wannan shekarar, yaƙin ya iso Wad Madani, masu saukar baƙi su ma suka zama 'yan gudun hijira. A unguwannin Omdurman da Khartum, waɗanda suka kasa fita suka kafa tukwanen gayya da suke kira takaya, inda ake dafa wake da shinkafa da gudummawar 'yan'uwa na ƙasashen waje, mutane na zuwa da robobinsu suna bin layi.