Idan Rumbun Kwamfuta Ya Fara Ciwo, Kwashe Kaya Ake Fara Yi

 A shafinmu na kimiyya da fasaha na wannan fitowa za mu yi magana kan wata matsala da ba ta yin sallama: a wayi gari fayilolin da aka adana a kwamfuta sun ƙi buɗuwa.

Akwai gidaje da shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu da kan ware kwamfuta guda, a bar ta a kunne, a haɗa ta da sauran kwamfutoci da wayoyi, kowa ya riƙa zuba kayansa a ciki. Ita ake kira saba, wasu su ce uwar garke. A cikinta za a tarar da hotunan suna da na biki, da takardun fili, da kundin digirin yaya, da sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekara da shekaru. Duk wannan yana zaune ne a cikin wani akwatin ƙarfe da bai wuce girman ƙaramin littafi ba, wanda masu gyara ke kira had-dis. Mu a nan za mu kira shi rumbu. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, rumbun da ya fara ciwo ba a fara gyara shi sai an kwashe abin da ke ciki.

Kafin a gane dalili, sai an san yadda yake aiki. A cikin akwatin akwai faya-fayai masu sheƙi da aka shafe da sinadarin maganaɗisu. Suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. A samansu akwai wani ɗan hannu mai ɗauke da allurar karatu da rubutu, kamar ta garmaho, sai dai ita wannan ba ta taɓa faifan. Iskar da juyawar ke tayarwa ce ke ɗauke da ita, tana shawagi a tazarar da ta fi kaurin silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. An raba fuskar faifan zuwa ƙananan gurabu, kowanne yana ɗaukar bayit 512, ko 4,096 a rumbunan zamani. Sannan akwai wani sashe da ke aiki kamar rajistar aji, inda aka rubuta sunan kowane fayil da gurabun da yake zaune.

Saboda haka ciwon iri biyu ne. Wani lokaci rajistar ce ta rikice, misali idan aka ɗauke wuta ana tsaka da rubutu. Kayan suna nan lafiya, hanyar zuwa gare su ce ta ɓace. Wani lokaci kuwa jikin rumbun ne ya fara lalacewa: gurabu sun fara mutuwa, ko allura ta raunana, ko ta goga faifai. Wannan na biyun shi ne mai hatsari. Idan allura ta karce faifai, ɓurɓushin da ya tashi yana nan cikin akwatin, yana shiga tsakanin allura da faifai, ya jawo wani sabon karce. Kowane minti da rumbun ya yi a kunne yana cin ragowar kwanansa. Daga waje kuma ciwukan biyu kan yi kama da juna, shi ya sa ake ɗaukar kowane ciwo a matsayin mai hatsarin har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Folda da take buɗewa nan take ta koma ɗaukar minti biyu. Ana kwafar fayil ya tsaya a tsakiya, kwamfuta ta ce ta kasa karantawa. Bidiyo ya riƙa sarƙewa a wuri ɗaya kullum. Sabar da ke aiki da Linux takan kulle rumbun da kanta, ta yarda a karanta amma ta hana rubutu. Mafi muni duka shi ne a ji yana ƙas, ƙas, ƙas, ko ƙarar guga.

Da zarar an ga haka, sai a dakatar da duk wani aikin da sabar ke yi da kanta, a hana kowa zuba sabon abu, a kashe ta. Daga nan a duba abubuwa masu sauƙi, don ba kullum ne laifin rumbu ba: wayar da ta haɗa shi da kwamfuta, da cajar da ke ba shi wuta, da akwatin USB idan a cikinsa yake. Sau da yawa sauya waya ɗaya kan kashe magana.

Idan ba a nan matsalar take ba, kuma rumbun ba ya wata baƙuwar ƙara, sai a tambaye shi da kansa. Rumbunan zamani suna riƙe da rahoton lafiyarsu, wanda ake kira SMART. Manhajar CrystalDiskInfo tana karanta shi a Windows, smartctl kuma a Linux, duka kyauta. Layuka uku za a fi sa wa ido. Lamba 5 tana ƙirga gurabun da suka mutu aka maye su da na ajiya. Lamba 197 tana ƙirga waɗanda aka kasa karantawa ana jiran a ga ƙarshensu. Lamba 198 tana ƙirga waɗanda suka gagara gyara. A lafiyayyen rumbu ƙidayar nan sifili ce. Amma kada rahoto mai kyau ya ruɗi kowa. A shekarar 2007 injiniyoyin Google sun wallafa binciken da suka yi a kan rumbuna fiye da 100,000, suka gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba. Idan ya ce akwai ciwo, a yarda da shi. Idan ya ce lafiya lau alhali fayiloli na ƙin buɗuwa, a yarda da fayilolin.

A daidai nan ne akan yi ɓarnar da ta fi ta ciwon kansa. Na farko, saba da yawa suna tsara rumbunsu da tsarin Linux, irin su ext4, wanda Windows ba ya karantawa kai tsaye. Idan aka ciro rumbun aka jona a kwamfutar Windows, tana iya cewa sai an yi masa fomatin kafin a yi amfani da shi. A ce mata a'a. Ba ta san yaren ba ne kawai. Na biyu, manhajojin gyaran rajista, wato chkdsk a Windows da fsck a Linux, an yi su ne don lafiyayyen rumbun da rajistarsa ta rikice. Suna bin rumbun suna karantawa, suna kuma yin rubutu a kansa, abin da suka kasa fahimta su datse shi ko su jefar. A sake su a kan rumbu mai mutuwa, garin neman gira sai a rasa ido. Ko jan folda a ajiye ta a wani wuri, yadda muka saba, ba ya yi: da ya ci karo da mataccen gurbi sai ya tsaya yana ta maimaita gwaji a wuri mafi rauni, sauran kayan kuma suna jira. Batun sa rumbu a firiji ko bubbuga shi kuwa, a bar shi a matsayin hirar majalisa. Raɓar da za ta kwanta a kan faifan ta isa ta ƙarasa shi.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a yi wa rumbun tagwai. A samo wani lafiyayyen rumbu da girmansa ya kai na mara lafiyan ko ya fi, a kwafe komai gurbi bayan gurbi, ba tare da kula da sunan fayil ko folda ba. Manhajar da aka fi sani da wannan aiki ita ce GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta. Kyauta ce, a Linux take aiki, kuma ana iya tayar da kwamfuta da Linux daga filash ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba.

Dabarar ddrescue irin ta ɗalibi mai wayo ce a ɗakin jarrabawa. Ba ya zama a kan tambaya mai wuya har lokaci ya ƙare. Yakan amsa masu sauƙi tukuna, sannan ya dawo. Ita ma a zagayen farko tana kwashe wurare masu lafiya da sauri, inda ta ji turjiya ta tsallake ta yi gaba. Bayan nan ta dawo ta matso kowane lalataccen wuri daga gaba da kuma baya har ta gano iyakarsa. Sai a ƙarshe take bin gurabun da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Ko da rumbun ya cika ana cikin aiki, mafi yawan kayan sun riga sun tsallake.

Abin da ya fi burge mu da ita shi ne taswirar da take rubutawa, wani ɗan fayil da ke nuna inda aka kwashe, da inda ya gagara, da inda ba a kai ba. Rumbu mai terabayit 2, ko da ƙalau yake, idan ana kwafar megabayit 100 a daƙiƙa zai ci awa biyar da rabi. Mara lafiya yana iya cin kwanaki. A wurin da ake ɗauke wuta ba sanarwa, wannan taswira ita ce rufin asiri, domin idan wuta ta dawo manhajar za ta ɗora daga inda ta tsaya. Duk da haka a nemi batirin UPS ko wutar sola, don yankewar wuta farat ɗaya ba ta yi wa rumbu mai jinya daɗi. A sa masa fanka kuma, musamman a watannin zafi. Gargaɗi ɗaya: a duba sau uku wane rumbu ake kwafowa, wane ake zubawa. Wanda ya juya su, zai shafe kayansa da hannunsa. Ɗalibin da bai taɓa yi ba ya nemi malamin kwamfuta ya zauna kusa da shi.

Idan tagwan ya samu, sai a cire mara lafiyan a ajiye gefe. Duk wani gwaji daga yanzu a kan kwafin za a yi, kuma mai hali ya sake kwafar kwafin. Sau da yawa yakan buɗe kai tsaye, a ga komai a inda aka bar shi. Idan rajistar ta lalace, akwai TestDisk, ta wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier, wadda ke nemo sassan rumbu da suka ɓace. Idan ita ma ta gaza, sai a koma ga 'yar'uwarta PhotoRec. Wannan ba ruwanta da rajista. Tana bin gurabu tana neman tambarin da kowane irin fayil ke farawa da shi. Takardar PDF, alal misali, da %PDF take farawa. Tana gane ɗaruruwan ire-iren fayil ta haka, amma za ta dawo da su ba suna ba folda, sai lambobi. Wanda ya taɓa tsince shinkafa daga tsakuwa ya san irin zaman da ke gabansa.

Ga masu saba mai rumbu biyu ko fiye a tsarin RAID, akwai ƙarin magana. Idan ɗaya ya mutu aka sa sabo, sabar za ta karanta ragowar daga farko har ƙarshe don ta sake gini. Su kuwa yawanci rana ɗaya aka saye su, wahala ɗaya suka sha. RAID 5 mutuwar rumbu ɗaya kawai yake jurewa. A fara kwashe muhimman fayiloli zuwa waje kafin a ba da umarnin sake ginin.

To, idan rumbun yana ƙas-ƙas, ko ba ya juyawa, ko kwamfuta ba ta ganinsa sam fa? Nan aikin manhaja ya ƙare. A kashe shi, kada a sake kunnawa don a gani ko ya warke, kuma kada a bari kowa ya kwance murfinsa a kan teburin shago. Ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta ninka tazarar da ke tsakanin allura da faifai sau ɗaruruwa. Ƙwararrun wannan aiki a ɗaki mai tatacciyar iska suke buɗe shi, su sauya allurar da ta wani rumbu irinsa sak. Akwai tsada, don haka sai iyali ko makaranta su auna darajar abin da ke ciki. Amma aikin yana yiwuwa fiye da yadda ake zato. Lokacin da kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse a ranar 1 ga Fabrairu, 2003, an tsinci wani rumbunsa a jihar Texas, ya ƙone ya lanƙwashe. Kamfanin Kroll Ontrack ya ciro faya-fayan, ya wanke su, ya ceto kusan kashi 99 cikin ɗari na bayanan wani gwajin kimiyya da ke ciki, domin ɓangaren da bayanan suke bai karce ba.

Duk bayanin nan a kan rumbu mai faifai ne. Na zamani da ake kira SSD ba shi da faifai ko allura, ba ya ƙara kafin ya mutu, kuma abin da aka goge a cikinsa da wuya ya dawo.

Bayan an ceto kayan, a bi muhimman a buɗe su ɗaya bayan ɗaya, domin fayil yana iya dawowa da sunansa da girmansa amma da rami a tsakiya. Daga nan a bi ƙa'idar da masu adana bayanai ke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini daban, ko gidan kawu ne ko a intanet. Tsohon rumbun kuwa, ko ya yi kamar ya farfaɗo, kada a mayar da shi bakin aiki. Kada kuma a sayar wa 'yan gwangwan da shi haka nan, domin manhajojin da suka dawo mana da hotunan iyalinmu za su iya dawo wa baƙo da su. A riƙe shi har a tabbatar an samu duk abin da ake nema, sannan a huda faya-fayan ko a farfasa su kafin a rabu da shi.