Zoɓo, kanwa da takardar da ke auna tsami

A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ba abin da ya kai zoɓo mai ƙanƙara kasuwa. Fulani suna ce masa folere. Daga babbar kasuwa har bakin gadar Binuwai za ka ga 'yan talla da kula cike da shi, ga ruwan tsamiya, ga na citta. Mai saye yakan kurɓa ya ce wannan ya ji sukari, wancan ya cika tsami. Sai dai harshe alƙali ne mai karɓar toshiya. Sukari ba ya kashe tsamin da ke cikin kofi, rufa masa asiri kawai yake yi.

Masana suna auna tsami da ma'aunin pH, wanda Søren Sørensen ya fito da shi a 1909 a ɗakin bincike na Carlsberg da ke Denmak. Lambobinsa daga 0 ne zuwa 14. Ruwa tsantsa yana kan 7. Abin da ya gaza 7 mai tsami ne, wanda ya haura kuwa dangin kanwa da toka ne. Taki ɗaya ninki goma ne, wato abin sha mai lamba 3 ya fi mai lamba 4 ƙarfin tsami sau goma.

Gwajin ba wuya. Ka matse ɗan itacen da kake son aunawa, ka tace, ka tsoma bakin takardar awon pH na ɗan lokaci, sannan ka kara ta da jerin launukan da ke jikin kwalinta. Lemun tsami zai mai da ita ja wur, wajen lamba 2. Tsamiya da zoɓo suna kusa da 3. Tumatir yana tsakanin 4 da 4.6, ruwan karas kuwa wajen 6. Ɗanyen mangwaro ya fi nunanne tsami, takardar ma za ta shaida. Zoɓo ne kawai mai ɗan rikici, don jan launinsa yakan rina takardar, sai an lura.

Me wannan zai tsinana wa mai sana'a? Iyakar da masu sarrafa abinci ba sa wasa da ita ita ce 4.6. Ƙasa da nan, ƙwayar cutar da ke haifar da gubar botulizim a rufaffiyar kwalba ba ta iya yaɗuwa. Shi ya sa matar da ke dafa tumatir ta ɗura a kwalba don ajiyar damina ya kamata ta ƙara masa lemun tsami, tunda tumatir a bakin iyaka yake. Amma tsami ba ya hana zoɓo yin kumfa idan ya kwana a zafi, kuma ba ya wanke dattin ruwan da aka haɗa shi da shi. Haƙori ma yana da nasa lissafin: ƙasa da 5.5 farin rufinsa kan fara zaizayewa, don haka a kurkure baki bayan an sha.

Idan takardar ta yi wuyar samu, zoɓon kansa ma'auni ne. Sinadarin antosayanin da ya ba shi launi yana sauyawa gwargwadon tsami. Ka jiƙa farar takarda a zoɓo mai kauri wanda ba a sa wa sukari ba, ka shanya a inuwa, ka yayyanka. Ɗiga mata lemun tsami, janta ya ƙara haske. Ɗiga ruwan kanwa, nan take ta koma kore. Da ruwan fure Robert Boyle ya yi irin wannan gwaji a Ingila, ya rubuta shi a 1664.

Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami ta riga ta san rabin darasin. Malamin firamare a Pitowa ko Gidar zai iya kammala shi da zoɓon sefa ɗari, ƙullin kanwa da lemun tsami biyu.