Ƴan kokowa da ƴan ƙwallon Damargu, ku kula da idon sawu

Gero ya shiga rumbu, filayen kokowa da na ƙwallo za su cika daga Tanut har Belbeji. Samari, wanda ya san ƙafarsa na yawan gocewa ya dakata tukuna.

Targaɗen da aka raina shi ke dawowa. Ƙafa ta karkace ciki, jijiyoyin gefen waje su saki, a murza da man zafi, bayan kwana biyu yaro ya ce ya warke. Zafin ne ya tafi, jijiyar ba ta koma daidai ba. Daga nan ko kututturen kara ya taka a gona, ko ramin ɓera, sai ƙafar ta sake juyawa. Cikin mutum 10 da suka yi targaɗe, har 4 kan iya zama haka, kuma kowace gocewa tana cin guringuntsin gaɓar, har ciwon ya zauna.

Abin da ya fi tada hankali shi ne a ɗaure ƙafa tamau da tsumma, a haɗiye taramol, a koma fage. Filasta na taimakawa idan wanda ya iya ne ya ɗaura, amma gudu da gumi na sassauta ta cikin kamar rabin awa. Mai launin nan da kuke gani a ƙafar ƴan wasan Turai ma ba ta ɗinke jijiya. Taramol kuwa rufe ciwon yake yi, kana ɓarna ba ka sani ba. In yatsu suka yi sanyi ko ka daina jin su, kwance ɗaurin nan take.

Maganin yana ga motsa ƙafar, kuma ba ya cin ko dala. Tsaya da ƙafar mai ciwo ita kaɗai, daƙiƙa 30, kusa da bango. In ka saba, rufe ido, sannan ka gwada kan rairayi. Zauna ka maƙala robar tayar keke a ƙafar, ka tura waje a hankali. Kullum, sati 6 aƙalla.

Iyaye, in yaro ya kasa taku huɗu, ko ƙashin idon sawun ke zafi in an danna, kada a murza, kada a yi tsaga. A kai shi asibitin Tanut ko likita mafi kusa, in ya kama a wuce Damagaram, a ɗauki hoton ƙashi kafin mai ɗori ya taɓa.