Likitan Da Ya Gano Yadda Garkuwar Jiki Ke Juyowa Ta Yaƙi Mai Ita



Wataƙila a gidanku ko a maƙwabta akwai wata baiwar Allah da ta yi wata da watanni tana fama da ciwon gaɓoɓi. Da safe yatsunta sun sandare, ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa, ga zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, ga kasala. An yi mata maganin maleriya da taifot ya fi sau uku. Wasu a dangi sun ce sanyi ne, wasu sun fara raɗe-raɗin sammu. Daga ƙarshe likita ya rubuta awon jini, kuka ga haruffa irin su RF da ANA a takardar, kuka biya kuɗi masu nauyi, sakamako ya fito, amma ba wanda ya zaunar da ku ya faɗa muku ma'anarsa. Yau za mu bi asalin waɗannan gwaje-gwaje, kuma asalin zai kai mu ga wani likita ɗan Amurka, Henry Kunkel, wanda aka haifa a 1916 ya rasu a 1983, bayan ya shafe kusan shekara 40 yana bincike a cibiyar Rockefeller da ke birnin New York.

Bari mu fara da abin da ke cikin jininku. A cikin sojojin jiki akwai wasu ƙwayoyin halitta da yawancinsu ke zaune a ɓargo, aikinsu ƙera wani makami na furotin da ake kira antibodi. Kowane antibodi kamar mabuɗi ne da aka yanka don kwaɗo ɗaya tak: wannan na ƙyanda ne, wancan na ciwon hanta, wani na tetanus. Allurar rigakafin da kuke kai yara asibiti, koya wa jiki ƙera waɗannan mabuɗai take yi. Matsalar masu bincike a wancan zamani ita ce jinin mai lafiya yana ɗauke da miliyoyin nau'in antibodi a cakuɗe, babu yadda za a ware guda a duba ƙirarsa.

Mafitar ta fito daga inda ba a zata ba, wato daga masu sankarar ɓargo da ake kira mayeloma. A wannan cuta, ɗaya daga ƙwayoyin nan masu ƙera makami ce take fanɗarewa, ta hayayyafa ba tsayawa, 'ya'yanta su cika ɓargo, dukkansu suna zubo furotin iri ɗaya cikin jini. Likitoci da yawa sun ɗauka wannan furotin shara ce kawai ta sankara. Daga 1951 Kunkel da abokan aikinsa suka nuna cewa dangin antibodi ne na ainihi, sai dai nau'i ɗaya ne da aka yi ta maimaitawa. Ashe abin da masu bincike ke nema ruwa a jallo, ga shi nan jingim a jinin marasa lafiyar da ke kwance a asibiti. Ɗalibinsa Gerald Edelman ya ɗora a kan wannan, ya yi amfani da furotin ɗin wani mai mayeloma ya fayyace ƙirar antibodi gaba ɗaya a 1969, kuma a 1972 ya raba kyautar Nobel da Rodney Porter na Ingila. Shi malamin bai samu Nobel ba, kodayake an ba shi lambar Lasker a 1975. A ganina an ɗan rage masa haƙƙi, amma wannan zance ne na wata rana.

Ɗaya ɓangaren aikinsa ne ya fi shafar baiwar Allahn da muka fara da ita. Tun farkon ƙarni na 20 yawancin masana sun yi imani cewa jiki ba zai taɓa ƙera makami a kan kansa ba. An riga an san akwai wani abu a jinin masu amosanin gaɓɓai na rumatoyid, wanda Erik Waaler ya ba da rahotonsa daga Norway a 1940, shi ne RF ɗin nan na takardarku, amma ba a san ko mene ne shi ba. A 1957 ɗakin binciken Kunkel ya nuna cewa antibodi ne babba da ke kama wani antibodin na jikin mutum ɗaya, wato soja ya damƙe ɗan'uwansa soja. A shekarar dai, su da wasu masu bincike a Faransa da Italiya suka gano cewa masu cutar lufus suna ƙera antibodi a kan DNA ɗinsu, sinadarin gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta. Shekara 10 bayan haka, a 1967, suka ciro irin wannan antibodi daga ƙodar masu lufus, suka nuna cewa yana cuɗewa da DNA ya zama dunƙule, dunƙulen ya maƙale a matatar ƙoda, kumburi ya biyo baya. Abin da ya sa ke nan likitan da ya san aikinsa yake yawan neman fitsarin mai lufus, ko da ita gaɓoɓi kawai take kuka da su. Ƙoda tana iya lalacewa shiru, ba zafi, sai dai a ga fitsari yana kumfa ko ƙafa da fuska sun kumbura.

Ko ku da kuka je awon jinotayif kafin aure kun ci moriyar wannan mutumin. Idan takardar mai cikakken bayani ce za ku ga an rubuta A2 da ɗan ƙaramin kaso a gefe. Kunkel da wani abokin aikinsa ne suka gano wannan nau'in himoglobin a 1955.

To mene ne namu a ciki? An daɗe ana cewa waɗannan cututtuka na Turawa ne. A 1968 wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan kuma daga baya ya koma Zariya, ya wallafa cewa cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar mai ita ba su cika bayyana ba a cikin waɗanda aka kwantar a can, har ya yi hasashen ko maleriya ce ke danne su. Amma a shekarun baya-bayan nan likitocin gaɓɓai na ƙasar nan, irin su Farfesa Olufemi Adelowo a Legas, sun yi ta wallafa rahotannin masu lufus da rumatoyid da suka duba da hannunsu. Cutar tana nan tare da mu, sau da yawa gane ta ne ba a yi. Kusan 9 cikin 10 na masu lufus mata ne, galibi tsakanin shekara 15 zuwa 45, kuma a Amurka da Birtaniya ta fi yawa, ta fi tsanani a cikin baƙar fata. Haka mayeloma, a Amurka tana kama baƙar fata kusan ninki biyu na yadda take kama farare.

Sai dai ku kula da kyau a nan, don nan ne ake yawan yin kuskure. Takarda ta nuna RF ko ANA sun fito ba shi ne hukuncin cuta ba. RF yana fitowa a kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na masu rumatoyid, wato wasu suna da cutar amma awon bai nuna ba. Kuma yana iya fitowa ga tsoho mai lafiya, ga mai ciwon hanta, ga mai tarin fuka, ga wanda maleriya ta daɗe tana wahalar da shi, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ya sa ake haɗa shi da wani awon mai suna anti-CCP. ANA kuwa yana fitowa a fiye da kashi 95 na masu lufus, amma akwai masu lafiya garau da ke ɗauke da shi har tsufansu. Likita ne zai haɗa takardar da abin da ya gani a jiki: kumburin gaɓa, ƙuraje a kumatu da karan hanci masu tsananta in an shiga rana, zubewar gashi, gyambon baki, ƙarancin jini. Ke kuma 'yar'uwa da ciki ya zube miki sau biyu, sau uku ba a san dalili ba, ki tambayi likitanki ko ya dace a duba wani nau'in antibodi mai sa jini ya daskare a mabiyiya, domin in shi ne, akwai magani, kuma mata da yawa sun haihu lafiya bayan an gano.

Ga dattawan gida kuma, ciwon baya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ga wanda ya haura 50, tare da ƙarancin jini, da rama, da yawan kamuwa da cuta, ko karaya ba tare da wata faɗuwar kirki ba, ba abin da za a yi ta shafa wa man zafi ba ne. Akwai awon da ke baje furotin ɗin jini a jere. In mayeloma ce, furotin ɗin nan iri ɗaya da Kunkel ya yi nazari zai taru wuri guda ya yi tsiri. A irin wannan hali magungunan ciwo da ake saya a kemis, irin su diclofenac da ibuprofen, suna iya ƙarasa ƙodar da dama cutar ta raunana. Haka prednisolone da dexamethasone: suna kwantar da kumburi nan take, shi ya sa mutane ke son su, amma shan su wata da watanni ba tare da likita ba yana jawo ciwon suga, hawan jini da lalacewar ƙashi, kuma yana rufe alamun da likita zai gane cutar da su. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke dare ɗaya, a hankali ake ragewa bisa umarnin likita.

Alaƙar sankarar jini da cututtukan garkuwa ba ta tsaya a ɗakin bincike ba. A 1975 Georges Köhler da César Milstein a Cambridge ta Ingila suka haɗa ƙwayar mayeloma ta ɓera da ƙwaya mai ƙera antibodin da ake so, suka samu masana'antar da ke fitar da nau'i ɗaya ba ƙarewa. Tsinken awon ciki da ake saya a kemis, da ɗan katin awon maleriya da ake ɗiga wa jini, da irin wannan antibodi suke aiki. Maganin rituximab ma haka, an amince da shi a Amurka a 1997 don sankarar limfoma, a 2006 kuma aka amince a ba masu rumatoyid, saboda dangin ƙwaya ɗaya ne ke ta da fitinar a cututtukan biyu. Yana da tsada ƙwarai, amma yawancin marasa lafiya ba da shi ake farawa ba. Ginshiƙin maganin lufus shi ne hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin da muka sani, kuma likitoci kan bar mai juna biyu ta ci gaba da shansa. Na rumatoyid kuwa methotrexate ne, wanda sau ɗaya a mako ake sha, ba kullum ba, kuma bai halatta ga mai ciki ko mai neman ciki ba.

In ciwon gaɓoɓi da kumburi ya wuce mako 6, ku nemi takardar turawa zuwa ga likitan gaɓɓai, in kuma jini ne ko ɓargo ake zargi, ga likitan jini. Mazauna Legas akwai LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, na Sabo Ibadan kuma UCH tana kusa da ku. Ranar zuwa ku tafi da duk tsofaffin takardun awo, da kwalayen magungunan da aka sha, har da na gargajiya, domin likitan zai tambaya.