Majinyacin Ciwon Daji Da Ya Kasa Cin Abinci: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

A gidan da ake jinyar mai ciwon daji a Mubi, duk wanda ya zo dubiya sai ya bar shawara. Wannan ya ce a hana shi zaƙi, wancan ya ce a yi masa ɗura, wata ta kawo jiƙo a gora. Matar da ke kwana a gefen tabarmar mijinta, ko mijin da ke dama wa matarsa kunu da asuba, shi ake bari da zaɓi, shi kuma dangi za su zarga idan majinyaci ya ci gaba da ramewa. Ga maganganun da aka fi yaɗawa, da matsayin kowacce.

"Sukari ne abincin daji, a hana shi sai ciwon ya mutu da yunwa." Ƙarya ce mai ɗan tushe. Tun a shekarun 1920 masanin Jamus Otto Warburg ya gano cewa ƙwayoyin daji na zuƙar sukari fiye da lafiyayyu. Amma ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi su ma da shi suke aiki, kuma in aka hana jiki abinci, hanta za ta ƙera sukarin daga tsokar majinyacin. Shi zai ƙare, ƙarin yana nan. Sai dai mai ciwon suga, shi kam ya bi tsarin likitansa.

"Rashin kulawar matarsa ce ta sa ya rame." Ƙarya ce, kuma zalunci ce. Daji idan ya yi nisa yana sa jiki fitar da sinadaran da ke kashe sha'awar abinci, su narkar da tsoka da kitse ko da mutum yana ci. Wanda ya ture kwano bai raina girkin ba, ba kuma sammu ba ne. Surukan da ke faɗin haka gara su karɓi jinyar dare ɗaya ta samu ta runtsa.

"A yi masa ɗura ko ba ya so." Wannan tana iya kisa. Mai rauni ko mai ciwon maƙogwaro yana iya shaƙewa, abinci ya sauka huhu ya zama ciwon nimoniya. A zaunar da shi sosai, a ba shi cokali kaɗan-kaɗan sau shida ko takwas a wuni, a tsaya in ya ce ya isa, kar kuma ya kwanta nan take.

"Maganin asibiti ne ke hana shi ci." Akwai gaskiya. Allurar kemo da gashin na'ura suna kawo tashin zuciya da gyambon baki, su sauya ɗanɗano har nama ya riƙa ɗaci. Amma yawancin wannan yana da magani: akwai na hana amai, na farin ƙurajen da ke rufe harshe, na taurin bayan gida, da na zafin ciwo. Kuskure a bar zuwa asibiti saboda haka. Idan ana kai shi Yola, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, ko an tura ku Gombe ko Maiduguri, a gaya wa likita ƙarara abin da yake iya haɗiya da abin da ya gagara. A gida kuma a riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a guji yaji da kunun tsamiya muddin akwai gyambo.

"A sa masa ƙarin ruwa, ya wadatar." Rabin gaskiya. Ƙarin ruwa yana ceton wanda amai ko gudawa suka busar, musamman a zafin watan Maris da Afrilu. Amma ba abinci ba ne: ledar rabin lita ta ruwan sukarin da aka saba sawa giram 25 kacal take ɗauke da shi, kimanin ƙaramin cokali shida. Ga wanda ciwo ya kai matakin ƙarshe, yawan ruwa na iya kumbura ƙafafu ya taru a ƙirji. Likita ne zai yanke, ba mai kemis na unguwa ba.

"Zogale da tafarnuwa da jiƙo sun isa su warkar." Zogale abinci ne mai kyau a miya, amma bai warkar da daji. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba yana iya tsinka ciki, ya taɓa hanta da ƙoda, ya kuma cike ɗan wurin da abinci zai zauna. A nuna wa likita duk abin da ake ba shi.

"Kar a ci kwano ɗaya da shi." Ƙarya ce. Ba a ɗaukar daji ta abinci ko miyau ko taɓawa. Mutum ya fi ci idan da abokin ci, ware masa kwano kuwa ƙarin ciwo ne.

"Ɗanyen nono yana cutar da shi." Gaskiya ce. Kemo yana rage garkuwar jiki, madarar da ba a tafasa ba kuma tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. A garin shanu irin Mubi nono ba ya wuya, sai dai a tabbatar an dafa madarar kafin ta zama kindirmo.

Abin da ya fi amfani yana cikin madafinmu. Kunun gyaɗa, wanda Adamawa ta yi suna da shi, yana da laushi da maiƙo da ƙarfi, in an tsince gyaɗar da ta yi funfuna. Sai fura da aka dama da kauri, dafaffen ƙwai, alale, faten wake, ayaba, da ɗan man shanu a kan abin da zai ci. Ruwa kuwa kurɓi-kurɓi duk wuni, tsakanin abinci. In yana son azumi, a tuna masa rangwamen da Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya.

A garzaya asibiti idan fitsari ya ɗauke ko ya yi duhu sosai, idan amai ya wuni ya kwana, idan ya fara ruɗewa, idan yana sarƙewa da ruwa, ko zazzaɓi ya kai digiri 38 yana kan kemo. Ke mai jinya, kai mai jinya, ku ma ku ci ku huta, ku raba kwanan jinya da 'yan'uwa tun kafin ƙarfinku ya ƙare.