Karatun Aikin Jarida a Amurka: Bashi Kafin Albashi

A Amurka, ɗalibi kan gama jami'a da takardar digiri a hannu, da bashin gwamnati a wuyansa. Mutane fiye da miliyan 40 ne ke ɗauke da irin wannan bashi. Tun 2019 shafin College Scorecard na Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar yake nuna bashi da albashin waɗanda suka gama kwasa-kwasai daban-daban a jami'o'i, kuma abin da ya fito fili game da masu karanta sadarwa da aikin jarida shi ne albashin farko bai kai na injiniyoyi ko masu ilimin kwamfuta ba, alhali kuɗin makaranta kusan ɗaya ne. Kasuwar ma ta tsuke: cibiyar Pew ta gano cewa ma'aikatan ɗakunan labarai na jaridu sun ragu daga kusan 71,000 a 2008 zuwa kusan 31,000 a 2020.

Wasu za su ce ilimi ba haja ba ce da ake aunawa da albashi, kuma al'umma ba ta rayuwa sai da 'yan jarida. Gaskiya ne. Sai dai mai bin bashi ba ya duba amfanin al'umma a ƙarshen wata. Ga misali daga wani fannin: a 2021 jaridar Wall Street Journal ta bayyana cewa masu digiri na biyu a fannin fim daga Jami'ar Columbia sun ci bashin da matsakaicinsa ya kai dala 181,000, amma bayan shekara biyu rabinsu ba sa samun dala 30,000 a shekara. Laifin ba na kwas ɗin ba ne, na farashin ne, kuma jami'ar da ta sa wannan farashi ta zalunci ɗalibanta.