Ko Ka Sani? Shamuwa Damina Biyu Take Ci a Shekara

Shamuwar da ke jidar kirare zuwa kan tsamiya a Sabon Birni cikin watan Mayu, watanni kaɗan kafin nan tana can tana kiwo a gonakin Tanzaniya, ko Zambiya, ko Zimbabuwe. Tsakanin ƙasar Gobir da Zimbabuwe akwai fiye da kilomita 4,000, kuma kowace shekara sai ta je ta dawo. Dalilin wannan wahala ɗaya ne: shamuwa ba ta zaman rani. Tana cin daminarmu daga Mayu zuwa kaka, in ƙasa ta fara bushewa ta ƙetare tsakiyar duniya zuwa kudu, inda tasu daminar ke kankama daga Nuwamba zuwa Maris. Matasan Isa da Sabon Birni masu tafiya ci-rani kudu su dawo noma, ai hanyarsu ɗaya da ita, sai dai ita ta fi su nisan zango.

Duk da wannan tafiya, ba wata babbar tsuntsuwa ba ce. Ita ce ƙarama a danginta kaf, tsayinta bai cika kai santimita 80 ba, nauyinta kuwa kilo ɗaya da 'yan kai. In ka samu ta sauka kusa, tsaya ka ƙare mata kallo. Baƙin bayanta ba baƙi ba ne zalla, in rana ta haske shi yana walƙiya da kore da shuni. Cikinta fari fat. Lokacin sheƙa fatar fuskarta takan koma shuɗiya, da ɗan ja a gaban ido. Ƙafafunta ruwan toka ne, amma yatsu da gaɓar tsakiya jajaye. Wannan gaɓa da kowa ke ce wa gwiwa, idon sawunta ne. Gwiwar gaskiya tana sama, ɓoye cikin gashi, wato tsuntsuwar a kan yatsunta take tafiya.

To, me ya sa take isowa gab da ruwa? Damina a Afirka tafiya take yi. Akwai wani layi a sararin sama inda iska mai laima daga Tekun Atilantika ke karo da busasshiyar iskar hamada, kuma wannan layi yana bin rana: ya hauro arewa cikin bazara, ya koma kudu in kaka ta yi. A bayansa hadari ke haɗuwa, ciyawa ta tsiro, ƙwari su ƙyanƙyashe. Shamuwa bakin wannan layi take bi. Saboda haka ba ita ke kawo ruwa ba, tare dai suke tafe, takan ɗan riga shi isowa. Manomin da ya ga ta sauka ya ciro irin gero, ko ya fita yin binne tun ƙasa na bushe, a ganina ba camfi ya bi ba, alama ce mai tushe. Sai dai alama ba alkawari ba ce. Akwai shekarun da shamuwa ke zaune a sheƙa, ruwan shuka ya sauka sau ɗaya ya ɗauke, iri ya ƙone a rami.

Ba ta gudun mutane. Maimakon ta nemi dokar daji, tsakiyar gari take zaɓa: kuka, tsamiya, gawo, wani lokaci har kan rumbu ko jinkar ɗaki, sau da yawa sheƙa da dama a bishiya ɗaya. Daga Senegal har bakin Bahar Maliya, mutanen da take sauka a garuruwansu ba su taɓa ta, suna ɗaukar zuwanta alheri, kuma yaron da ya ɗaga mata danƙo ya san abin da zai tarar wurin manya. Ita ma ta ci riba, domin abin da zai hau ya sha mata ƙwai bai cika kusantar gidan da ke da jama'a ba. Takan yi ƙwai biyu zuwa uku, mace da namiji su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci har kimanin kwana 30. 'Ya'yan kan yi kusan wata biyu kafin su tashi. Iyaye na haɗiyo abinci daga daji, su zo su amayo shi cikin sheƙa, 'ya'ya su yi ta wawaso. Mai bishiyar kuwa sai haƙuri da kashi da ƙarni. (In ka ga ƙafafunta sun yi fari a tsakar rana, kashinta ne. Dangin shamuwa kan saki kashi a ƙafafunsu da gangan, danshin yana bushewa yana sanyaya jinin da ke bi ta wurin.)

Lissafin kwanakin nan ba banza ba. Fara takan zuba ƙwanta cikin ƙasa, ya kwana a nan duk tsawon rani, sai ruwan farko ya jiƙa shi ya ƙyanƙyashe. Lokacin da 'ya'yan shamuwa suka fi buɗe baki, lokacin ne fara ta cika gonaki da fadamun Bunsuru da Gagare da Gulbin Rima. Shamuwa tana cin tsutsa, da kwaɗi, da ƙadangaru, da ɓeraye, amma fara ce tuwonta. A farkon shekarun 2000 wasu masu bincike daga Denmak sun yi aiki a kan shamuwoyin kudancin Nijar, suka tabbatar da yadda suke taruwa inda fara ta yi yawa, irin farar nan da ke cinye gero tun yana ɗan tsiro. Suka kuma ɗaura wa wasu 'yar na'ura mai magana da tauraron ɗan'adam, suka bi sawunsu daga Nijar har Tanzaniya. Da yake fara ce abincinta, feshin maganin fara yana da gefe biyu: ya kashe fara, ya kuma bar gubar a cikin abincin mai kashe ta kyauta.

Yadda shamuwa take cin wannan zango shi ne abin mamaki. Ba ta cika kaɗa fiffike ba. Takan jira hantsi ya ɗaga, ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara tashi sama. Sai garke ya shiga cikin iskar, fikafikai a buɗe, yana kewayawa yana hawa har ya kusa ɓacewa daga ido, sannan ya sulalo gaba ya kama wata. Saboda haka da rana take tafiya, kuma ta kan tudu, don irin wannan iska ba ta tashi sosai a kan babban ruwa. A ƙasashen sanyi akwai tsuntsuwar da ta yi hannun riga da ita, wadda Turawa ke kira suwan, 'yar uwar dinya ce, fara sol mai dogon wuya, mai nauyin kilo goma ko fiye. Nauyi ya sa sai ta yi gudu a kan ruwa kafin ta iya tashi. Wadda ke sheƙa a Aisilan, ƙanƙara ce ke korar ta in tafkuna suka daskare, sai ta ratsa teku aƙalla kilomita 800 zuwa Sikotilan da Ailan da ƙarfin fiffike zalla, dare da rana, 'ya'yanta na bana suna biye da iyaye suna koyon hanya. Ba ta ƙetaro Sahara, shi ya sa ba za ka gan ta a tafkin Madarumfa ko madatsar Goronyo ba.

Turawa ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa ba, har malamansu na rubuta cewa tsattsewa cikin laka take kwana a ƙarƙashin ruwa lokacin sanyi. A 1822 aka harbo wata babbar 'yar uwar shamuwa, fara mai jan baki, kusa da garin Kuluts a arewacin Jamus, da kibiyar Afirka soke a wuyanta. Da ita ta yi tafiyar tun daga Afirka, aka kuwa gane inda suke zuwa. Har yau tsuntsuwar tana nan a ajiye a Jami'ar Rostok.

Ita tamu, cikin abubuwan da ke yi mata barazana a Gobir akwai gatari. Tsamiya ko kukar da za ta iya ɗaukar sheƙa goma tana buƙatar shekaru masu yawa kafin ta kai, mai gawayi kuwa yini ɗaya ya ishe shi. In Oktoba ya kama, ana yankan gero ana ɗaurin dammuna, shamuwoyi kan taru garke-garke a fadama su nufi kudu maso gabas. A daidai lokacin ne ƙananan agwagin ruwa daga Turai da Rasha, waɗanda suka ƙetaro hamada, ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Cadi, su tarar da dinya da kirinjijiya, su zauna har zuwa Maris.